Kundin aiki: sake gina bututun saƙonninmu da C#

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau aka damƙa mini aikin, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Zan riƙa rubuta abin da muka yi, da abin da ya ƙi, da dalilin da ya sa muka bi wata hanya muka bar wata. Wanda ya riƙe aikin kafin ni bai bar komai a rubuce ba, kuma na ga irin wahalar da hakan ya jawo wa kowa.

Ga yadda abin yake. Kamfaninmu yana karɓar takardun oda da na neman biya daga kamfanonin da muke hulɗa da su, kuma kowa da irin tsarinsa. Wasu suna turo XML, wato wani tsarin rubuta bayanai, ta layin IBM MQ, manhajar isar da saƙo tsakanin kwamfutoci. Mai manyan fayiloli kuwa ta SFTP, wata hanyar tura fayil, yake ajiye mana, tunda MQ ba ya ɗaukar saƙon da ya wuce megabayit 4 sai an ɗaga masa iyaka, kuma ko an ɗaga, megabayit 100 ne ƙarshenta. Manhajar lissafinmu ta cikin gida siga ɗaya tak ta sani. A tsakaninsu BizTalk Server 2020 yake zaune, manhajar Microsoft da ta fara fitowa a shekarar 2000, ga kuma aikinta: ta karɓi saƙo, ta warware shi, ta tantance, ta ajiye a rumbun MessageBox da ke kan SQL Server, sannan ta miƙa wa duk wanda ya yi rajistar jiran irinsa. Inda kayan da ta zo da su suka gaza, sai mutum ya rubuta tasa gaɓar da C# ya dasa a cikin bututun karɓa ko na aikawa, wato jerin matakan da saƙo yake bi idan zai shiga ko zai fita.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gaɓoɓi ce take kashe mu. Duk dare wani abokin hulɗa yana turo fayil guda mai ɗauke da takardu dubbai. A shekarun baya megabayit 15 ne, yanzu ya tasam ma 120. Sau biyu ko uku a mako masaukin, wato shirin BizTalk da bututun yake gudana a ciki, yakan faɗi da OutOfMemoryException, kuskuren ƙarewar ƙwaƙwalwa, ya tafi da duk sauran saƙonnin da ke hannunsa, har da na kamfanonin da ba su ji ba ba su gani ba.

Oga ya yi mini tambaya a taron safe, kuma tambayar ta dace: "Ba cewa aka yi shi wannan harshe da kansa yake share ƙwaƙwalwa ba? To me yake cika ta?" Na ce masa, "Yallaɓai, ku ba ni kwana uku in karanta kod ɗin." Gaskiya ne C# da Java ba sa gudana kai tsaye a kan inji. Akwai mai kula a ƙarƙashinsu, CLR ga na farko, JVM ga na biyu, wanda yake raba ƙwaƙwalwa kuma yake aiko mai kwashe shara ya tattara abin da aka gama da shi. Amma mai kwashe shara ba ya taɓa abin da har yanzu yake hannunka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na gama karanta gaɓar. Aikinta ƙarami ne: ta gyara sigar kwanan wata a kowace takarda, ta cire wani sashe da ba mu buƙata, ta ciro lambar abokin hulɗa don a san inda za a tura saƙon. Layi arba'in da 'yan kai. An rubuta ta tsaf, duk wanda ya karanta zai gane. Na ɗauki takarda na bi saƙon layi-layi ina ƙirga sau nawa aka kwafe shi.

Da farko ana juye shi gaba ɗaya cikin MemoryStream, wanda duk lokacin da ya cika sai ya nemi wuri ninki biyu, ya kwafe tsohon cikin sabon. Daga nan ToArray, kwafi na biyu. Daga nan a mayar da shi string, kuma a .NET kowane harafi bayit biyu yake ci, wato megabayit 120 sun koma 240. Sai a loda shi cikin XmlDocument, wanda takardun Microsoft da kansu suka yi gargaɗin yana iya cin ninki goma na girman saƙon, domin kowane reshe da kowane ganye na XML abu ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwa. Bayan gyara a ɗauki OuterXml, wani 240 ɗin ke nan, a mayar da shi bayit, a zuba a sabon MemoryStream. Kwafi shida, kuma kusan dukkansu suna raye a lokaci guda saboda suna cikin aiki ɗaya da bai ƙare ba.

Akwai kuma abin da ya fi yawan kwafin muni. Duk abin da ya kai bayit 85,000, CLR ba ya ajiye shi tare da ƙananan kaya. Tsibi daban gare shi, na manyan kaya, wanda ba a share shi sai an zo sharar zango na 2, na ƙarshe kuma mafi tsada a cikin zangunan shara uku (0, 1 da 2). Kuma ko an share, a al'adance ba a matse ragowar wuri guda. Sai tsibin ya zama kamar filin ajiye motoci da ƙananan motoci suka fita nan da can: idan ka haɗa guraben da suka buɗe za su ɗauki tirela, amma babu gurbi ɗaya da tirelar za ta shiga. String mai megabayit 240 fili ɗaya a jere yake nema. Wannan ne ya sa ranar da aka sake tayar da masaukin fayil ɗin yakan wuce lafiya, bayan kwana biyu kuma irinsa sak ya kayar da shi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Masaukin ma mai bit 32 ne, domin an haɗa shi da tsohon adaftan FTP da ba ya aiki a mai bit 64. Ko an yi wa irin wannan masauki dukkan alfarma, filin da yake gani bai wuce gigabayit 4 ba, kuma .NET kan gaza tun kafin a kai can.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na kai wa oga bayani. Shawararsa ita ce a mayar da komai kan bit 64, a ƙara wa injin ƙwaƙwalwa, a huta. Na yarda da rabi. Raba masaukai daidai ne, mun kuma yi yau: FTP ya zauna shi kaɗai a nasa, manyan fayiloli suka samu nasu mai bit 64, ta yadda idan ɗaya ya faɗi ba zai ja sauran ba. Amma na roƙe shi kada mu tsaya nan. Fayil ɗin da ya ninka sau takwas a 'yan shekaru zai ci gaba da girma, kuma BizTalk yana da burkinsa: da zarar ya ga masauki ya cika ciki sai ya rage karɓar saƙo. An gudu ba a tsira ba ke nan, maimakon faɗuwa sai tafiyar hawainiya. Ya ba ni makonni shida.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sabuwar gaɓar ta fara numfashi. Tunanin shi ne kada saƙon ya taɓa zama gaba ɗaya a hannunmu. XmlReader yana karanta ɗan yanki, mu duba, mu gyara idan da abin gyara, XmlWriter ya rubuta, a wuce. Abin da aka rubuta yana shiga VirtualStream na cikin Microsoft.BizTalk.Streaming, wanda yake riƙe kaɗan a ƙwaƙwalwa, idan ya wuce iyakar da ka sa masa sai ya koma zubawa a fayil na wucin gadi a kan faifai. Kod ɗin ya ninka na da sau uku a tsawo, kuma ya fi wuyar karantawa, domin ba ka iya cewa "ba ni reshe kaza" a duk lokacin da ka so. Dole ka san inda kake a cikin takardar, ka tuna abin da ka wuce, tunda ba a komawa baya. Na amince da wannan farashin.

Kuskure biyu na yi a yini ɗaya, kuma duka biyun daga ɗabi'ar da ta yi mini amfani a wasu wurare suka fito.

Na farko: na rufe magudanar, wato VirtualStream ɗin da saƙon yake ciki, da `using`, kamar yadda aka koya wa kowa ya rufe abin da ya buɗe. Sai mataki na gaba a bututun ya zo karanta saƙon ya tarar da ƙofa a kulle. A cikin manhajar da kai ka rubuta daga farko har ƙarshe, kai ne ka san lokacin da aka gama da abu. A nan kuwa baƙo ne kai. Execute ɗinka, wato aikin da BizTalk yake kira a gaɓarka, yana komawa tun kafin mai gida ya fara shan abin da ka zuba masa. Hanyar da ta dace ita ce ka miƙa magudanar ga ResourceTracker na bututun, shi ya rufe ta idan lokaci ya yi.

Na biyu: na gama rubutu ban mayar da Position, wato alamar inda karatu zai fara a magudanar, zuwa sifili ba. Mai warware XML ya fara karatu daga ƙarshen magudana, bai ga komai ba, ya ce babu tushen takarda. Na ɓata kusan sa'a ɗaya ina zargin fayil ɗin gwaji kafin na ga layin da ya ɓace.

Da yamma fayil na megabayit 120 ya wuce, ƙwaƙwalwar masaukin ta ɗan motsa kaɗan ta koma inda take. Na haɗa na gwaji mai megabayit 600 na tura. Ya ɗauki lokaci, amma layin da ke kan allo bai tashi ba. Na kira abokin aikina ya zo ya gani da idonsa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Saƙonni suna fita daga bututu amma suna maƙalewa, wai babu wanda ya yi rajistar karɓarsu. Na rubuta lambar abokin hulɗa a jikin saƙon da Write, alhali matatar da ke tura saƙo ba ta ganin sai abin da aka ɗaga da Promote. Kalma ɗaya na canja. A kiyaye kuma: abin da aka ɗaga ba ya wuce harafi 256, don haka lambobi da gajerun alamomi kawai za a riƙa ɗagawa, ban da dogon bayani.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mun daina tura fayil ɗin a dunƙule. Yanzu akwai tsarin ambulan, mai warware XML yana fasa shi takarda-takarda, kowace ta zama saƙo mai cin gashin kansa. Na kunna RecoverableInterchangeProcessing, wanda yake barin masu kyau su wuce ko da wata ta gaza, na kuma kunna tura saƙon da ya gaza zuwa wata tasha ta daban tare da bayanin ErrorReport. A da, takarda ɗaya mai kuskure takan tsayar da dubu tara masu kyau har gari ya waye. Ma'aikaciyar sashen lissafi da take fara zuwa da safe ta ce mini, "Malam, in dai zan tarar da guda uku a gefe da dalilinsu a rubuce, ni kam buƙata ta biya." Saboda ita na sa dalilin ya riƙa fitowa da lambar takarda da sunan filin da ya lalace, ba tarin layukan kuskuren .NET da ba wanda zai karanta sai mu ba.

Talata, 4 ga Maris

Kwana goma sha biyu ban rubuta komai ba, domin wani abu ya ɗaure mini kai.

Mun bar injin gwaji yana cin saƙonni dare da rana. Masaukin karɓa lafiya lau. Amma masaukin da okestireshan suke gudana, wato jadawalin matakan da BizTalk yake bi da kowace takarda, ƙwaƙwalwarsa tana hawa a hankali, ba ta sauka. Ba da gudu ba, kamar ɗigon famfo ne. A kwana biyar ta ninka. Na buɗe perfmon, manhajar awon aikin inji ta Windows, na duba abin da kowa zai fara dubawa, wato jimillar bayit da ke tsibin CLR. A kwance take. Girman tsibin manyan kaya, a kwance. Lokacin da ake ɓatawa wajen shara, kaɗan ne. Ta fuskar mai kwashe shara komai daidai yake, amma Private Bytes, wato jimillar ƙwaƙwalwar da masaukin ya riƙe, sai hawa yake yi. Na ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na buɗe a WinDbg, na buga `!dumpheap -stat` ina neman wani nau'in abu da ya yi yawa. Ban ga abin a zo a gani ba.

Jiya da daddare na ƙara wani ma'auni da ban saba kallo ba, Current Assemblies, a ƙarƙashin .NET CLR Loading. Adadin ƙunsoshin kod da aka loda ke nan, wanda ya kamata ya tsaya cak bayan 'yan mintoci da tashin masauki. Ya haura dubu arba'in. Na tura saƙo ɗaya da hannu, ya ƙaru da ɗaya. Na sake turawa, ya sake ƙaruwa da ɗaya. Gani ya kori ji.

Tushen yana cikin wani ɗan aji na taimako da okestireshan yake kira don ya mayar da takarda abu na C#. A ciki akwai `new XmlSerializer` da aka ba shi nau'i tare da XmlRootAttribute. Shi XmlSerializer, idan aka ƙirƙire shi, yakan haɗa sabon kod nan take ya loda shi a matsayin ƙunshi. Hanyoyin ƙirƙira biyu ne kacal suke tuna ƙunshin da suka riga suka haɗa su sake amfani da shi: wadda ake ba nau'i kawai, da wadda ake ba nau'i da sunan fage. Sauran duk sabo suke haɗawa a kowane kira. A .NET Framework kuma ƙunshin da aka loda ba ya fita sai an rushe AppDomain ɗin, wato keɓaɓɓen ɗakin da aka loda shi a ciki, baki ɗaya. Ba shara ba ne a idon mai kwashe shara, ba ma a unguwarsa yake ba. Duk wannan yana rubuce ƙarara a takardun XmlSerializer. Mu ne ba mu karanta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ƙaramar manhajar da take tashi ta yi aikinta ta mutu cikin minti ɗaya, wannan layin ba zai taɓa cutar da kowa ba. A masaukin da yake yin watanni ba a kashe shi ba, yana cin saƙo dubbai a yini, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Maganin layi uku ne: a ƙirƙiri XmlSerializer sau ɗaya, a ajiye a `static readonly`, kowa ya yi amfani da shi, tunda an tabbatar zaruruwa da yawa, wato layukan aikin da ke gudana tare, suna iya kiransa a lokaci guda. Wani abokina da yake irin wannan aiki da Apache Camel ya ce su ma suna da makamancin darasin a Java: JAXBContext sau ɗaya ake gina shi a raba, amma Marshaller kowane zare da nasa.

Juma'a, 7 ga Maris

Maganin ranar Talata ya haifi wata cuta. Matashin da aka haɗa ni da shi, yaro mai ƙwazo da saurin ɗauka, ya ga amfanin `static` sai ya bi sauran ajin yana mayar da abubuwa haka, har da wani StringBuilder da ake haɗa layin bayani da shi, da wani Dictionary na sunayen abokan hulɗa. A gwajin saƙo ɗaya-ɗaya komai ya wuce. Da muka sako dubu biyar a tare, sai ga takardar wani kamfani ɗauke da guntun bayanin wani kamfanin daban. Guda huɗu ne kawai a cikin dubu biyar, kuma babu kuskuren da ya fito a ko'ina. Wannan ya fi faɗuwar masauki tayar mini da hankali, domin faɗuwa tana da ƙara, wannan kuwa shiru yake wucewa har cikin littafin lissafi.

Na zauna da shi muka bi abin tare. BizTalk yana gudanar da saƙonni da yawa a zaruruwa daban-daban cikin masauki ɗaya, kuma duk abin da yake `static` kwano ɗaya ne kowa yake sa hannu. Ya ce, "Yaya, to ta yaya zan san wanda ya halatta?" Na ce ya yi wa kowane abu tambaya biyu: ana canja shi bayan an gina shi? Kuma yana girma? StringBuilder ya koma cikin aiki. Dictionary ɗin ya faɗi a tambaya ta biyu ma, domin ana ta ƙara masa ba a cirewa, kuma duk abin da `static` yake riƙe da shi mai kwashe shara ba zai taɓa ɗauka ba har masaukin ya mutu. Mun maye gurbinsa da MemoryCache mai wa'adin minti 30. Daga yau kuma babu gaɓar da za ta wuce sai an gwada ta da saƙonni masu yawa a tare, an kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Ƙananan abubuwa uku.

Wani suna mai harafin é ya fito a matsayin Ã©. A UTF-8 wannan harafi bayit biyu ne, C3 da A9, kuma wani wuri a tsohon kod ana karanta su da Encoding.Default, wanda a injinmu Windows-1252 ne, sai kowane bayit ya zama harafi. Na cire StreamReader ɗin da ke tsakani na bar XmlReader ya karanta bayit kai tsaye, ya gano tsarin haruffan daga kan takardar.

Adadi kuma ana fassara shi da al'adar injin da kod ya samu kansa a kai, alhali a wasu ƙasashe waƙafi ne yake raba ɓangaren goma, a wasu ɗigo. Yanzu XmlConvert muke amfani da shi, ko InvariantCulture inda ya zama dole. Duk inda na ga `double` yana riƙe da kuɗi na mayar da shi `decimal`, tunda `double` ba ya iya riƙe 0.1 daidai, kuma idan aka tara layi dubu bambancin yakan fito.

Talata, 18 ga Maris

Makon nan a kan okestireshan na ƙare. Idan yana jiran amsa daga wata manhaja, BizTalk ba ya barinsa zaune yana cin wuri. Yakan busar da shi, wato ya tattara duk halin da yake ciki ya rubuta a MessageBox, ya fitar da shi daga ƙwaƙwalwa. Idan amsa ta zo sai ya jiƙa shi ya tashi, wataƙila ma a wata sabar, wato wani injin, daban. Saboda haka duk abin C# da ka ajiye a cikinsa dole ya zama wanda za a iya rubutawa a dawo da shi. Na tarar da wani aji da aka manna wa alamar Serializable don kawai mai harhaɗa kod ya daina ƙorafi, alhali a cikinsa akwai SqlConnection a buɗe. Muddin amsa ta zo da wuri abin yakan wuce. Ranar da aka kai ga rubuta halin, sai ya tarwatse. Yanzu ana buɗe haɗin a cikin kira ɗaya, a yi aiki, a rufe kafin a dawo.

Akwai kuma XmlDocument guda biyu da aka ajiye a matsayin ma'ajin okestireshan, waɗanda ake sake rubuta su a rumbu a duk inda injin ya tsaya adana hali. Na cire su. Ajin taimako yanzu XLANGMessage yake karɓa, ya ciro jikin saƙon a matsayin Stream ta RetrieveAs, ya kuma kira Dispose idan ya gama.

Da na gama sai na tsaya na dubi jadawalin gaba ɗaya. Cikin okestireshan biyar, uku ba abin da suke yi sai karɓa, juyawa, aikawa. Wannan tashar aikawa mai matata da taswira tana yin sa ba tare da ko ɗaya daga cikin wannan nauyin ba. Na goge ukun. Ban taɓa jin daɗin share kod kamar yau ba.

Litinin, 24 ga Maris

Takarda ɗaya ta shiga manhajar lissafi ta gwaji sau biyu. Mun aika, ita ta karɓa ta adana, amma ta yi jinkirin amsawa har minti ɗayan da WCF, hanyar da muke aikawa da ita, yake jira ya cika. A wajen BizTalk aikawar ta gaza, don haka bayan minti 5 ya sake, kamar yadda aka saita shi tun asali: sau 3, minti 5 tsakani. Bai yi laifi ba. Mai aikawa ba shi da hanyar bambance saƙon da bai isa ba da amsar da ba ta dawo ba, kuma gara ya maimaita da ya yi shiru.

Oga ya ce a kashe maimaitawar. Na ce idan muka kashe, ranar da layi ya yanke na daƙiƙa goma takarda za ta tsaya sai mutum ya zo ya tura ta da hannu. Gyaran a wajen mai karɓa yake. Mun yi magana da masu kula da manhajar lissafi, suka yarda a sa tebur mai mabuɗin da ba ya maimaituwa, wanda ya haɗa lambar abokin hulɗa da lambar takarda, a rubuta shi a cikin ma'amala ɗaya da ita takardar. Idan ta sake zuwa, a amsa da "an karɓa" ba tare da an sake adanawa ba. Na tura takarda ɗaya sau goma a jere, ɗaya ce ta zauna.

Asabar, 5 ga Afrilu

Daren jiya muka ɗora a injin aiki na gaske, mako biyu bayan wa'adin da aka ba ni. An sa ƙunsoshin a GAC, wato ma'ajiyar ƙunsoshin .NET, na sabobinmu biyu, an shigo da saituna, an kunna tashoshi. Saƙonnin farko da suka shigo, wasu sun fito da sabon tsari wasu da tsoho. Mun sake tayar da masaukai a sabar farko, mun manta da ta biyu, kuma masaukin da yake raye yana ci gaba da amfani da ƙunshin da ya loda tun farko ko da an canja na kan faifai. Minti ashirin muka yi kafin mu gane. Takardu goma sha ɗaya suka bi tsohuwar hanya, mun bi su ɗaya-ɗaya mun tabbatar ba abin da ya lalace. Na ƙara matakin a takardar ɗorawa, kuma gaɓar yanzu tana rubuta lambar sigarta a jikin kowane saƙo.

Babban fayil ya iso ƙarfe 2:10 na dare, megabayit 131. Ni da yaron muna zaune muna kallon perfmon. Layin ƙwaƙwalwa ya ɗan ɗaga ya kwanta. Current Assemblies bai motsa ba. Takardu biyu suka fita gefe, kowace da dalilinta, sauran duk suka shige.

Saura abu biyu a mako mai zuwa. VirtualStream yana zuba fayilolinsa a babban fayil na wucin gadi na asusun da masaukin yake gudana da shi, kuma a sabobin nan wannan yana kan faifan C, wanda bai da fili sosai. Zan mayar da shi wani faifan in sa masa ƙararrawa. Sannan abokin hulɗar nan ya aiko da sanarwa cewa daga wata mai zuwa zai fara saka hoton kowace takarda a cikin XML ɗin a sigar base64, tsarin mayar da bayit haruffa, wanda yake ƙara wa kowane hoto kashi ɗaya cikin uku na girmansa. Gaɓarmu a yanzu tana ɗauko abin da ke cikin kowane fili a matsayin string guda, don haka dole in koma in sa ta riƙa karanta wannan filin gutsure-gutsure da ReadElementContentAsBase64. Na nemi su turo mana samfurin fayil kafin ranar Laraba.